Kafin mai haɗa kamara ya tafi, karɓi takardar adireshi

Duk mai zagaya magazoji da manyan shagunan garin nan ya ga yadda abubuwa suka canja: kamara a bakin ƙofa, sola a kan rufi, inbata mai nuna cajin batir a waya, wani wurin har injin jan ruwa ana kunna shi daga nesa. Muna zuba kuɗi, amma akwai abu guda da ba mu tambaya, alhali kyauta ne: adireshin na'urorin.

Kowace na'ura da ke kan rezo tana da lamba mai kashi huɗu, ana ce mata IP, kamar 192.168.1.20. Kowane kashi daga 0 ne zuwa 255. Tana tafe da wata lambar, galibi 255.255.255.0, wadda ke cewa kashi ukun farko sunan unguwa ne, na ƙarshen lambar gida. Unguwa irin wannan tana da lambobi 256, amma 254 ake rabawa, don 0 sunan unguwar ne, 255 kuma ta shela ce ga kowa.

Mu mutanen iyaka ba sai an wahala wajen yi mana bayani ba. Ɗan Gaya ya kira ɗan Gaya kai tsaye, amma in Malanville ce sai ka sa 229, in Kamba ce 234. Haka na'urori suke: 'yan unguwa ɗaya suna magana kai tsaye, mai son ƙetarewa dole ya bi ta ƙofa, wato akwatin wifi, wanda sau da yawa shi ke riƙe da 192.168.1.1. Shi ne duwan ɗin gidan.

To ina matsalar? Kamarori suna fitowa daga kamfani da adireshi iri ɗaya. Na Hikvision da yawa 192.168.1.64 ne, na Dahua 192.168.1.108. Ka jona huɗu ba a canja ba, ka yi gida huɗu da lamba ɗaya. Sannan akwatin wifi yana raba wa wayoyi adireshi da kansa, in ba a keɓe wa kamara nata ba, yana iya miƙa lambarta ga wayar wani.

Na ga wannan da idona a magazan wani ɗan uwana. Wuta ta ɗauke, ta dawo, wayar wani yaron shago ta samu lambar kamarar bakin ƙofa. Kwana da kwanaki hoton ƙofar yana zuwa yana ɗaukewa, ana cewa ai rezo ne. Ranar da aka nemi dila biyu na gwanjo aka rasa, babu hoton daren. Wanda ya haɗa kayan kuwa ya koma Yamai da lambobin a kansa, har kalmar sirri. Sai da aka biya wani ya sake komai daga farko.

Maganin ba tsada. Na farko, a raba lambobin: 2 zuwa 49 na kamara, inbata da injin ruwa, kowanne da tasa wadda ba ta canjawa, 100 zuwa 200 na wayoyi. Na biyu, in wurin babba ne, kamar otel ko asibiti, a raba unguwannin gaba ɗaya. Da 255.255.255.192 unguwa ɗaya takan zama huɗu, kowace da gida 62: ɗaya ta kamara, ɗaya ta kayan wuta da ruwa, ɗaya ta ofis, ɗaya ta baƙi. Sai a sa akwatin ya hana baƙo ƙetarawa. Wannan ba ƙyale-ƙyale ba ne: Modbus, yaren da inbata da mitoci da yawa ke ji, tun 1979 aka tsara shi, kuma ba ya tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya iso gare shi zai iya ba shi umarni.

Na uku, a canja kalmar sirrin kamfani. A 2016 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kama dubban kamarori da aka bari da ta kamfani, aka yi amfani da su har Twitter ta gagari shiga a sassan Amurka.

Don haka Alhaji, Hajiya, kafin ka cika wa mai aiki kuɗinsa, ka ce ya rubuta maka sunan kowace na'ura, inda take, adireshinta da kalmar sirrinta. Ka ajiye tare da takardun fili. Ku kuma ƙannena masu wannan sana'a, ɓoye lamba ba shi ke riƙe abokin ciniki ba, kyakkyawan aiki ne. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.