Kocin da Aka Ce Ya Zauna

A wasannin ƙwallon kwando na makarantun sakandare a Amurka akwai wani hukunci da ba kowa ke lura da shi ba. Koci yana tsaye tun da aka jefa ƙwallo sama, yana kai da komowa a gefen fili, yana daka wa yaransa tsawa, yana bin alƙalin wasa da ƙorafi. Can sai ya wuce gona da iri. Alƙali ya busa usur, ya ɗora tafin hannu ɗaya a kan yatsun ɗaya hannun, alamar laifin teknikal ke nan. Abokan hamayya za su yi jifan kyauta sau biyu, kuma a ba su ƙwallo daga tsakiyar fili. Wannan kowa ya gani. Abin da ke wuce mutane shi ne, daga wannan lokaci har a tashi wasa, kocin nan a zaune zai ƙarasa. Babban mutum, wani ma da furfura a kansa, yana zaune a jere da yaran da yake koyarwa, gwiwa da gwiwa, maganar na cin sa amma ba damar miƙewa.

Dokar ta fito ne daga NFHS, tarayyar hukumomin wasannin sakandare na jihohin Amurka, wadda aka kafa a 1920 kuma take da mazauni a Indiyanafolis. A littafinta, tsayuwar koci a gefen fili alfarma ce, ba haƙƙi ba. Ana shata masa wuri a gaban bencinsa, wanda a da bai wuce ƙafa 14 ba, a 2017 aka faɗaɗa shi zuwa ƙafa 28, wajen mita takwas da rabi. Babban koci kaɗai ke da izinin tsayuwa a ciki, mataimakansa a zaune suke. Da zarar an rubuta masa teknikal guda, ko shi ya jawo da bakinsa, ko mataimakinsa ko wani yaro a benci ya jawo masa, alfarmar ta tafi. Idan aka duba tarihi, muryar koci baƙuwa ce a wannan wasa. Dokoki 13 da James Naismith ya rubuta a Sifirinfil ta jihar Masacuset a 1891 sun ambaci alƙalai, ba su ambaci koci ba. Sai a 1949 aka yarda koci ya yi magana da 'yan wasansa a lokacin ɗan hutun da ake nema ana cikin wasa.

Ko a zaunen, an bar masa 'yan ƙofofi. Yana iya tashi ya nemi hutu, ko ya je tebur a kan kuskuren da doka ta yarda a gyara, ko ya shiga ya raba faɗa. Amma wadda ta fi burge ni ita ce wannan: idan ɗaya daga cikin yaransa ya yi wata bajinta, an yarda ya zabura ya yi murna, sannan ya koma ya zauna nan take. Duk wanda ya rubuta wannan sashe ya san mutane. Ya san ba za ka iya hana malami tashi ba sa'ad da yaron da ya yi wata uku yana fama da shi ya jefa ƙwallo daga nesa ta shiga. An hana shi tsayuwar faɗa, an bar masa tsayuwar farin ciki.

Kafin a kai ga usur akwai matakai, kuma a nan ake gane gwanin alƙali. Ƙorafi ba laifi ba ne. Koci zai tambaya me ɗan wasansa ya yi, alƙali ya amsa masa da kalma biyu yana gudu ya wuce: hannu a ƙugu, koci. Tsofaffin alƙalai suna koya wa sababbi cewa tambaya ake amsawa, ba kowace magana ba. Suna kuma bambanta sukar hukunci da cin mutuncin mai hukunci. Koci ya ce wannan busa ba daidai ba ce, ana iya haɗiyewa. Ya ce kai maƙaryaci ne, ko an saye ka, ko ya yi ashar da 'yan kallo za su ji, ko ya nace a kan abu ɗaya har ƙwallo ta je ta dawo sau uku, to ya shiga wani fagen. Sai ka ga alƙali ya ɗaga tafin hannu zuwa gare shi, ya ce na ji, ya isa. Wannan tafin hannu ba don koci kaɗai ake ɗaga shi ba. Na 'yan kallo ne, na mai ɗaukar bidiyo ne, domin gobe idan magana ta tashi kowa ya shaida an ja masa kunne. A 2017 ɗin nan aka ƙara wani mataki: alƙali ya tsayar da wasa, ya sa a rubuta gargaɗi a littafin maki, ba tare da jifan kyauta ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Amma doka ba ta wajabta gargaɗin ba. Idan abin ya yi muni tun farko, kai tsaye ake hukunci.

Lissafin kora a bayyane yake. Teknikal biyu da koci ya jawo da kansa, ko uku idan aka haɗa da waɗanda bencinsa ya jawo masa, ko guda ɗaya tak idan laifin ya kai ƙazanta, kamar taɓa alƙali ko yi masa barazana. Masu kallon wasan a Kano ko Zariya ko Yamai, inda ake bin dokar FIBA, za su ga lissafin biyu da ukun iri ɗaya ne, sai dai a can jifan kyauta ɗaya ake bayarwa a kan teknikal, kuma ba a zaunar da koci.

Abin da na fi so mai karatu ya lura da shi, idan ya sami kallon irin wannan wasa, shi ne ƙafafun alƙali bayan ya busa. Gwani ba ya tsayawa. Yana juyawa wajen tebur, ya faɗi laifin da muryar da zai faɗi kowane laifi, sannan ya bar wurin, ya tsallaka can ɗaya gefen fili, nesa da bencin. Abokin aikinsa, wanda bai busa ba, shi ke matsowa ya tsaya kusa da kocin, ya saurare shi kaɗan, ya tuna masa cewa yanzu zama ya kama shi. Mai kallo zai iya ɗauka tsoro ne ya kori na farkon. Ba tsoro ba ne. Mutumin da aka hukunta a gaban ɗalibansa da iyayensu, wataƙila da matarsa a cikin 'yan kallo, yana cikin daƙiƙu mafi haɗari a daren. Idan wanda ya hukunta shi ya tsaya a gabansa yana kallon cikin idonsa, to ya miƙa masa teknikal na biyu ne a faranti, kuma korar da za ta biyo baya rabinta aikin alƙali ne. Tafiyar nan tana ba kocin sarari ya yi gunaguninsa ga iska, ya sha ruwa, zuciya ta sauka. Shi ya sa alƙalai da yawa suke so, idan har na biyun ya zama dole, ya fito daga usur ɗin ɗaya alƙalin, don kada abin ya zama rigimar mutum biyu.

Ina ganin wannan tafiya a matsayin mutunci. Hukunci ya tabbata, ba a rage komai ba, amma ba a haɗa da wulaƙanci ba. Na sha ganin akasin haka a bidiyoyin da ke yawo: alƙali ya bi koci har benci, yana nuna shi da yatsa, ko ya yi alamar kora da ƙarfin da zai sa zaure ya ɗauki ihu. Irin wannan alƙali yana iya zama da gaskiya a doka, amma ya koya wa yaran abin da kocin ya koya musu, wato wanda ke da iko shi ke da damar fushi.

Idan kora ta tabbata, doka ta raba tsakanin babba da yaro, kuma rabon yana da ma'ana. Babban da aka kora dole ya fita nan take, ya je inda ba za a gan shi ba kuma ba za a ji shi ba. Ba zai hau cikin 'yan kallo ba, ba zai leƙo ta ƙofa ba, ba zai aiko da saƙo ta waya ga mataimakinsa ba. Idan ya ƙi fita, alƙali na iya tsayar da wasan ya ba abokan hamayya nasara. Yaron da aka kora kuwa a benci yake zama. Ba a tura shi ɗakin sauya kaya shi kaɗai, domin ɗalibi ne, amana ce, kuma yaro ɗan shekara 16 da ke cikin fushi da kunya ba abin da za a bari ba ido ba ne. Ko an ga dole a fitar da shi, sai da babba a tare da shi. A jihohi da dama, idan aka kori koci kuma babu wani ma'aikacin makaranta da aka amince ya karɓi yaran, wasan ya ƙare ke nan. 'Yan kallo ma ba alƙali ke fitar da su da kansa ba: yana kiran jami'in makarantar da ke kula da taron, ya nuna masa mutumin, ya jira.

Bayan wasa sai takarda. Alƙali zai rubuta wa hukumar jiha rahoto, kuma ana koya masa ya rubuta ainihin kalmomin da aka faɗa, komai muninsu, ba ra'ayinsa a kan halin kocin ba. Sauran hukunci na jiha ne. A Ohayo, kocin da aka kora ba zai jagoranci wasanni biyu na gaba ba, zai biya tarar dala 100, kuma zai yi wani kwas ta intanet a kan zama abin koyi ga ɗalibai.

Sai dai ni abin da ya fi damuna ba yawan kora ba ne, jinkirinta ne. A jihohi da yawa kociyoyi ne ke ba alƙalai maki, kuma makin yana da tasiri wajen zaɓar waɗanda za su busa manyan wasannin ƙarshen kaka. Ka ga an ɗora wa mutum hukunta wanda zai auna shi gobe. Saboda haka wasu suke toshe kunne. Koci ya yi ta zagi tun kashin farko na wasa, alƙali yana cewa a ransa bari dai a gama lafiya. Ba a gamawa lafiya. Minti 32 ne wasan, kashi huɗu na minti takwas takwas, kuma yaran benci suna karatu a kowane minti. Kafin a je hutun rabin lokaci sun fara ɗaga hannu sama a kan kowace busa. A kashi na uku iyaye sun karɓa. A na huɗu wani yaro ya faɗa wa alƙali rabin abin da kocinsa ya yi ta faɗa tun ɗazu, sai usur ya tashi a kansa. Wannan zalunci ne, kuma yaron ya san zalunci ne. An ƙyale babba an kama ƙarami. Har yau ana nuna hoton Bobby Knight, kocin Jami'ar Indiyana, yana wurga kujera cikin fili a wasansu da Purdue a watan Fabrairun 1985, wasu na dariya, wasu na kiran abin kishin ƙungiya. An kore shi a ranar, an dakatar da shi wasa ɗaya. Amma a jami'a ne wannan, gaban samari da suka girma. A sakandare, wanda ke zaune kusa da kujerar yaro ne da ke ɗaukar duk abin da kocinsa ya yi a matsayin yadda namiji ke yi.

Ba ina ɗora wa kociyoyi komai ba. Yawancinsu malamai ne da suka wuni a aji, suka zo atisaye da yamma a kan ɗan alawus, suna kai yaran da ba su da mota gida. Alƙalai kuma suna kuskure, wani lokaci kuskuren da ke kashe wa yara wahalar shekara guda. Akwai kuma alƙalin da ke kasa kunne yana neman abin da zai kama, wanda ko tsaki aka yi a benci sai ya waiwaya. Koci yana da haƙƙin kare yaransa, kuma alƙalin da ya iya cewa wataƙila na kuskure wannan, koci, yakan kashe wuta fiye da wanda ya iya busa.

Amma alƙalan suna ƙarewa. NFHS ta ƙiyasta cewa kimanin 50,000 sun ajiye usur a wasannin sakandare daban daban tun daga kakar 2018 zuwa 2019, kuma a binciken da ƙungiyar alƙalai ta NASO ta yi a 2017, wanda fiye da mutum 17,000 suka amsa, iyaye da kociyoyi ne aka fi nunawa a matsayin tushen rashin ɗa'a, ba 'yan wasa ba. Inda abin ya fi ciwo shi ne ƙananan wasanni, na 'yan aji ɗaya da na ƙungiyoyi na biyu, waɗanda ake bugawa da la'asar kafin zaure ya cika. A can ake tura sabon alƙali, wani ɗalibin jami'a ne, wata yarinya ce da ba ta daɗe da barin buga wasan ba. A can kuma ake samun sabon koci mai son a san da shi. Babu tsohon hannu da zai matso ya tsaya tsakani, sau da yawa alƙalai biyu ne kawai kuma dukansu baƙi ne a aikin. Sabon alƙali bai riga ya koyi ɗaga tafin hannu ba, bai san cewa zai iya busawa ya juya ya tafi ba, sai ya haɗiye zagin har a tashi, ya shiga mota, kaka mai zuwa kuma bai sabunta rajistarsa ba. Wasu ƙungiyoyin alƙalai sun fara haɗa kowane sabo da tsoho a irin waɗannan wasanni, ko su zaunar da tsohon kusa da tebur, don kocin ya san akwai mai gani, sabon kuma ya sami wanda zai gaya masa a hutun rabin lokaci cewa tun a minti na biyar ya kamata ya tsayar da mutumin nan.