Kujerar Baya Tamu Ce



A gidajenmu na cikin gari, idan za a sayi mota, maigida ne da abokinsa da bakanike ke tafiya wajen dillalai. Su duba inji, su yi ciniki, su dawo da makulli. Ke kuwa da za ki yi shekaru a kujerar baya, goyo a cinya, yara a gefe, sai dai ki ji hon a bakin titi, ki fito ki ce Allah Ya sanya alheri. Alhali kujerar nan ita ce ɗakinmu a cikin motar, kuma babu wanda ya san bukatarta kamar mu.

Da muka tashi sayen tamu bara, na roƙi Abban yara ya tafi da ni, tunda har da adashina na malaman Islamiyyarmu a cikin kuɗin. Ban ce masa na san inji ba. Cewa na yi ina so in zauna a baya kafin a biya.

Kuma na zauna, a mota biyar. Ki sa a tura kujerar direba daidai yadda maigida yake tuƙi, sannan ki shiga da hijabinki da jakarki. Idan gwiwarki ta tokari kujerar gaba, to ki tuna tafiyar Katsina gaisuwar Sallah. Ki duba tudun nan na tsakiya a ƙasa, domin idan ya yi tsayi, yaron da ke tsakiya ba shi da wurin ajiye ƙafa, daga nan ake fara faɗa. Ki jawo bel ɗin nan guda uku ki ga ko suna kamawa, ki gwada makullin yara na jikin ƙofa, wanda ke hana a buɗe ta daga ciki. Wannan ba ado ba ne. Idan baya ta yi kaɗan, yaro ake miƙawa gaba, ga jakar iskar nan da ke fashewa lokacin hatsari tana iya yi wa ƙaramin yaro mummunan lahani. Sai kuma ƙofar kanta: mu muna da Hajiya, surukata, mai ciwon gwiwa, wadda duk wata ake kai ta asibiti. Motar da sai ta durƙusa za ta shiga ba tamu ba ce, komai kyanta.

Shi ransa ya biya ga Sienna, mai cin mutum bakwai ko takwas. Ni ma ta burge ni, gaskiya. Amma mai fulogi shida ce, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma koma gidan jiya ba. Ga lungunmu na bayan Kasuwar Kurmi, wanda A Daidaita Sahu ma da dabara take juyawa a ciki. Babbar mota sai ta kwana a titi, ana biyan maigadi.

Accord tana da faɗi, Corolla ba ta shan mai amma bayanta bai ishe mu ba. Muka tsaya a kan Camry ɗin 2002 zuwa 2006, wadda dillalai ke kira Big Daddy, mai fulogi huɗu. Ta tsufa, ba a musu. Sai dai kayan gyaranta na nan jibge a Ƙofar Ruwa, kuma da wuya ki sami bakaniken da bai san cikinta ba. Motar da sai an yi odar kayanta daga Legas kuwa, kuɗin makarantar yara take ci.

Abu biyu na ƙara nacewa a kai. Na ɗaga shimfiɗar ƙasa na shinshina, domin cikin 'yan Beljiyam akwai waɗanda ambaliya ta shanye a Amurka, warin danshi da tsatsar ƙarƙashin kujera su ke tona musu asiri. Sannan na ce a kunna na'urar sanyi in ji ko tana isowa baya, don zafin Afrilu a Kano kan wuce digiri 40. Takardun kwastan kuwa Abban yara ya kai aka tantance kafin ya biya, sauran kuɗin muka ware na tayoyi huɗu da juyen mai.