Haƙarƙarin Iska

Bahaushe bai san kare marar aiki ba. Ko dai yana gadin gida, ko yana bin garke, ko yana gaban maharba ranar farauta. Wanda bai faɗa cikin ɗayan ukun nan ba, sunansa karen juji, rabonsa jifa. Malamanmu na Malikiyya ma, waɗanda ba su ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, a kan irin waɗannan dalilai suke tsayawa idan ana zancen ajiye shi. Saboda haka duk wanda ya shigo da kare gida don tausayi kawai, sai ya shirya amsar tambaya guda: me zai yi maka?

Wannan tambaya ce ta tare ni a bakin zaure ranar da na kawo Iska. Karya ce ta Azawak, kwarin nan da ya ratsa arewacin Nijar da gabashin Mali, inda Buzaye suka daɗe suna kiwon irinta don korar barewa da zomo da tsaron tantuna. Wani Buzu maigadi ne ya zo da ita Sakkwato tun tana kwikwiya. Da aka sayar da gidan da yake gadi, ya koma ƙasarsu, ya bar ta wurin wani likitan dabbobi da ke tara karnukan da aka yasar a bayan shagonsa. Wata huɗu ta yi a can ba wanda ya taya. Masu neman kare a birni babban kai da ƙaton wuya suke so, ita kuwa dogayen ƙafafu gare ta, da cikin da ya ɗame, da haƙarƙari a fili kamar a ƙirga.

Inna, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Kai wannan yaro, digirin ke nan? Ka rasa abin kwasowa sai yunwa?"

Ba yunwa ba ce, halitta ce. Irin wannan kare tsayinsa a kafaɗa kan haura santimita 60, amma da wuya nauyinsa ya wuce kilo 25. Fatarsa siririya ce, ba ya tara kitse, don haka yake iya gudu cikin zafin da zai kwantar da wani kare. Sanyin hunturu ne kaɗai ke karya shi, har sai da na yanka wa Iska tsohon bargo. Turawa sun fara ɗaukar irinsa zuwa Turai a shekarun 1970, Amurka kuma ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. A can ana tsefe shi a kai shi gasar kyau, a nan maƙwabta na yi mini kallon mai rowar tuwo.

Abincinta bai taɓa ba ni wahala ba: tuwon gero da ɗan nono da abin da mahauci ya rage. Allurar rigakafin haukan kare da maganin kaska kuwa likita ya ɗaure ni da alkawarinsu kafin ya miƙa mini igiya. Abin da ya fi ƙarfina shi ne aikin da aka halitta ta dominsa. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to ina zomon? Barewa ta yi ƙaranci har a ƙasar Buzayen kanta, dazuzzukan gabashin Sakkwato kuma yanzu mai bindiga ma tunani yake kafin ya shiga. Makonnin farko Iska ba ta yi haushi ba, ba ta kaɗa wutsiya ba. Takan zauna a gindin darbejiya, kanta a miƙe, tana kallon saman katanga.

Sai na fara fita da ita bayan sallar asuba zuwa wata fadama a bayan gari. Da na kwance igiya, sai ƙura. Ba ta kama komai, ni ma ban so ta kama ba. Takan yi da'ira biyu ko uku ta dawo tana haki, ranar nan kuma ta ci abincinta tas. A ganina gudun nan haƙƙinta ne a kaina, daidai da ruwa da inuwa.

Aikin da Inna ke nema kuwa, Iska ce ta samo wa kanta. Ta koma kwana a bakin garken awaki ba da umarnin kowa ba. Wani dare cikin damina muka ji muryarta karo na farko, da safe aka ga sawun mutum a jikin katanga da takalmi wari ɗaya a ƙasa. Inna ba ta ce komai ba, amma tun daga ranar ƙanzon tukunya ba ya zuwa wurin kaji.

Har yanzu Iska ba ta yarda baƙo ya taɓa ta, kuma irinta mutum ɗaya suke riƙewa. Takardar bautar ƙasa ta fito, an tura ni Kudu, saura mako biyar. Ƙanena Sani ne ke riƙe igiya yanzu idan za mu fadama, ni ina biye a baya, kullum ina ƙara tazara. Jiya sau huɗu ta waiwayo. Shekaranjiya sau bakwai ne.