Sabuwar Bussa, Garin Ma'aikatan Lantarki

A Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, akwai wani tsoho wanda ya yi lebaranci a Kainji tun yana saurayi. Jikansa yana makarantar firamare a Birnin Kudu, in an yi hutu ya kan zo wurinsa. Ran nan da dare suna zaune a zaure, sai aka ɗauke wuta. Yaro ya yi tsaki, ya ce, "Kaka, wai daga ina wutar nan ta ke zuwa, da ta ke tafiya ba ko sallama?"

Tsoho ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan nan, kana yi mata tsaki don ba ka san abin da aka biya aka same ta ba. Matso nan ka ji." Ga labarin da ya ba shi.

Can yamma, a ƙasar Borgu, kogin Kwara ya ratsa ta tsakanin duwatsu. A bakinsa akwai wani tsohon gari mai suna Bussa, a nan Sarki ya ke zaune. Gari ne mai tarihi, gama kusa da shi ne Baturen nan Mungo Park ya halaka cikin ruwa a 1806, sa'ad da ya ke neman inda kogin ya ƙare. Kudu da garin kuma akwai wani tsibiri, ana ce da shi Kainji.

Bayan Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, sai aka ga masana'antu da asibitoci da gidaje suna bukatar wutar lantarki mai yawa. Masana suka auna, suka ce in an tare Kwara a tsibirin nan za a sami abin da a ke so. Aka ranto kuɗi daga Bankin Duniya da waɗansu ƙasashe, aka ba wani kamfanin Italiya mai suna Impregilo aikin. A 1964 aka soma.

Labari ya bazu ko'ina, cewa ana ɗaukar ma'aikata. A lokacin Gwaram tana cikin Lardin Kano. Da aka gama girbi sai saurayin nan ya ɗaure 'yan kayansa, ya hau mota zuwa Kano, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Mokwa, daga nan kuma ya sake hawa mota. Da ya isa ya tarar da dubban mutane, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Turawa, ga magina, ga maƙera, ga direbobi. Dare da rana ana fasa dutse, ana kwaɓa siminti.

To, wurin nan daji ne, nesa da kowane babban gari. Ina mutane masu yawa haka za su kwana? Ina za su sayi abinci? In wani ya ji ciwo, ina za a kai shi? Saboda haka tilas aka gina musu mazauni. Aka yi unguwar manyan ma'aikata dabam, ta ƙanana dabam. Aka yi asibiti da makaranta da kantuna, aka shimfiɗa hanyoyi, aka ja famfo. Mafarin garin ma'aikata ke nan.

Amma akwai wata magana mai nauyi. In an tare kogi, ruwa ba shi da inda za shi sai baya. Zai taru ya zama tafki, ya cinye gonaki da garuruwa. Bussa kuwa tana cikin waɗanda ruwa zai ci. Haka kuma ƙauyuka da yawa na Borgu da Yawuri, da tsibiran da Gungawa su ke noman albasa da kamun kifi. Mutum wajen 44,000 aka ce su tashi.

Gwamnati ta gina musu sababbin gidaje a kan tudu. Mutanen Bussa aka yi musu gari dab da unguwannin ma'aikata, kimanin mil 25 kudu da tsohon garinsu, aka sa masa suna Sabuwar Bussa. An gina fada da masallaci da kasuwa. Gidajen na bulo ne da siminti, ba irin na ƙasa da suka saba da shi ba. Waɗansu suka yi murna da su. Waɗansu kuwa suka ce ɗakunan sun cika zafi, suka kafa bukkoki a gefe.

A 1968 aka rufe ƙofofin madatsa, ruwa ya fara hawa. Tsoho ya ce abin da ba ya mantawa shi ne ranar da ya ga motoci suna sauke mutane da tukwanensu da awakinsu. Wata tsohuwa ta sauko, ta juya ta fuskanci arewa, ta daɗe ba ta ce kome ba. An biya diyyar itatuwa, an ba da gida a madadin gida, amma kabarin iyaye ba ya ɗaukuwa a mota.

A watan Fabrairu na 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya buɗe madatsar. Tsawonta sama ya fi ƙafa 200, tafkin da ta tara kuwa ya miƙe wajen mil 80. Ga yadda ta ke aiki. Ruwa ya kan gangaro da ƙarfi ta cikin manyan bututu, ya bugi wani ƙarfe mai fukafukai kamar fanka, ya juya shi. Shi kuma ya juya injin da ke haifar da wuta. An fara da injuna 4, zuwa 1978 suka zama 8. Wutar ta kan bi manyan wayoyi ta gamu da ta sauran tashoshi, kamar Jebba da Shiroro, ta wuce Kaduna da Kano, kana ta iso Birnin Kudu da Gwaram.

Da aiki ya ƙare, yawancin leburori suka koma garuruwansu, har da saurayin nan. Garin ma'aikata da yawa a duniya ya kan mutu in aikin da ya haife shi ya ƙare. Sabuwar Bussa ba ta mutu ba, domin akwai Sarki da jama'arsa, akwai masu kula da injuna, masunta kuma suka zo saboda tafki. Aka kafa cibiyar binciken kifi, da gandun namun daji a kusa. A 1991 aka ɗauke Borgu daga Jihar Kwara aka sa ta cikin Jihar Neja.

Yaro ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kaka, ai mu ma muna da Tsohuwar Gwaram da Sabuwa."

Tsoho ya ce, "Gaskiyarka. Amma kai in ka so ganin Tsohuwar Gwaram, sai ka je ka gani ka dawo. Yaron Bussa kuwa sai dai a nuna masa ruwa, a ce nan gidan kakanka ya ke."

Ba su rufe baki ba sai aka kawo wuta. Yaro ya tashi ya dubi ƙwan da ke ci a tsakar gida ba kowa, ya je ya kashe shi.

Ku tuna, yara, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Hasken da ku ke karatu da shi, waɗansu sun yi gumi dominsa, waɗansu sun bar gidajensu.

Tambayoyi

1. Don me aka gina wa ma'aikata gari a Kainji?
2. Mutum nawa aka tasa saboda tafkin?
3. Me ya hana Sabuwar Bussa mutuwa bayan aiki ya ƙare?
4. Don me yaron ya kashe ƙwan tsakar gida?