Mugu Ba Shi da Kama

Akwai wani tsohon fim na Ingila da na kalla, har yau ya ƙi barin zuciyata. Sunansa 10 Rillington Place, an yi shi a 1971. Ba ƙagaggen labari ba ne, sunan ma adireshin wani gidan haya ne a unguwar Notting Hill, cikin birnin Landan.

A ƙasan gidan akwai wani mutum wai shi John Christie, mai sanƙo da tabarau, mai magana ƙasa-ƙasa, ka rantse ko ƙuda ba zai iya kashewa ba. Har aikin ɗan sanda ya taɓa yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A saman bene kuwa Timothy Evans ne, wani direba da ko karatun kirki bai iya ba, da matarsa Beryl da jaririyarsu. A 1949 aka tsinci gawar uwa da 'ya a ɗakin wanki na bayan gidan. Evans ya ruɗe, yau ya faɗi wannan, gobe ya faɗi wancan, daga ƙarshe ya ce Christie ne. To, wa zai yarda da shi? Christie ya zo kotu ya ba da shaida a natse, aka rataye Evans a watan Maris na 1950.

Bayan shekara 3, wani ɗan haya ya ɓare takardar da aka manne a bangon kicin ɗin Christie, sai ga gawarwakin mata 3. Aka tono ta matarsa a ƙarƙashin daɓen katako, da ƙasusuwan wasu mata 2 a lambu. An rataye Christie a 1953. Evans kuwa sai a 1966 aka yi masa afuwa, yana shekara 16 a kabari. Allah Sarki!

Ni dai ba gawarwakin ne suka hana ni barci ba. Lokacin da nake riƙe da shagon yayana, kuɗi suka taɓa ɓata. Yara biyu ne a ƙarƙashina. Ɗaya mai ladabi ne, baki kamar zuma. Ɗayan mai in'ina ne, ina tsare shi da ido sai jikinsa ya hau ɓari. Nan take na kira shi ɓarawo a bainar jama'a, na kore shi. Bayan wata 4 aka kama mai ladabin dumu-dumu, hannunsa cikin durowa. Na nemi wancan yaron in roƙi gafara, aka ce tuni ya bar garin. Wallahi har yau ban gan shi ba.

Don haka ɗan'uwa mai karatu, in an kawo maka ƙara, kada daɗin baki ya ruɗe ka. Mai gaskiya ma yakan yi rawar murya, musamman talaka a gaban manya. Ka bincika kafin ka yanke, domin magana zarar bunu ce. Allah Ya raba mu da ɗaukar alhakin bayinsa, amin.