Singapur: Masu Gadin Teku Marasa Matuƙi

A wannan wata mun nufi Singapur, wani ɗan tsibiri da ke tsakanin Maleziya da Indunisiya. Ƙasar ba ta da gonaki na a zo a gani, ba ta da man fetur. Abincinta yana bakin teku. Duk wanda ya tsaya a gaɓar kudu da yamma zai hango jiragen dakon kaya da tankokin mai sun yi jerin gwano har iyakar ganin ido, suna jiran shiga tasha. Mashigin ruwan ya ɗan haura kilomita 100 a tsawo, ga shi ƙunci, ga cunkoso dare da rana.

Yaya ake gadin wuri irin wannan? Masu tsaron tashoshin ruwa ba su manta da shekarar 2000 ba, lokacin da wani ƙaramin kwale-kwale ɗauke da nakiya ya afka wa jirgin yaƙin Amurka mai suna Cole a tashar Adan ta ƙasar Yaman, sojoji 17 suka mutu. Ke nan ƙaramin jirgi ma abin tsoro ne, kuma dole wani ya matsa kusa ya duba shi.

Mutanen Singapur ba su wuce miliyan 6 da ɗoriya ba, haihuwa kuma ta ja baya ƙwarai, saboda haka matasan da za su shiga aikin sojan ruwa suna raguwa. A 2005 sojojinsu suka gwada wani jirgi marar matuƙi ƙirar Isra'ila, Protector, a Tekun Fasha. Daga baya suka ƙera nasu, wanda ya fara sintiri a watan Janairu na 2025. Tsawonsa kusan mita 17, mutum biyu ne ke lura da shi daga tudu, yana ɗauke da kyamara, da lasifikar gargaɗi, da bindiga.

A ganinmu, ba bindigar ce abin dubawa ba. Abin da suka fi ba ƙarfi shi ne na'urar da ke hana jirgin karo, wadda aka koya wa dokokin ba da hanya a teku, domin a ruwa mai cunkoso haka, jirgin gadi da ya kife kwale-kwalen masunta ya zama shi kansa masifa. Tashar da ruwanta ke da faɗi, ko wadda ba ta da gwanayen gyaran irin waɗannan na'urori, sai ta yi nata lissafin daban kafin ta zuba kuɗi.