Kafin ki hau tsaunin Mambila

'Yar'uwa, idan kina da ƙaramar jif mai ja da ƙafa huɗu irin tawa, RAV4 'yar Kwatano, hanyar Gembu ce za ta gwada miki ita. Daga Jalingo za ki bi ta Bali da Serti. Da kin wuce Mayo Selbe sai hawa: kwana bayan kwana, rami a gefe, hazo a gaba.

Bara da damina na je ɗauko mahaifiyata zuwa asibiti. Motar ta hau lafiya lau, har na ratsa Kakara na kalli gonakin shayi. A saukowa na yi wauta. Na danne birki tun daga sama har ya fara ƙauri, ya yi laushi, ga tsohuwa kwance a baya. Da ƙyar na tsaya. Wani direba ya leƙo ya ce, "Hajiya, da ƙaramin giya ake sauka."

Ƙafa huɗu a hawa take taimako, ba ta tsayar da mota. Kafin ki tashi, a duba birki da mansa, tayoyi huɗun kuma su zama iri ɗaya. Allah ya kai ki lafiya.